Epiphany: kalmar da ta faro daga gumakan Girka ta zo ta ƙare a "ashe!"

Ƙanwata ce ta jawo wannan maganar. Tana aji biyu a jami'a tana karatun adabin Turanci, ranar nan da daddare sai ga saƙonta a WhatsApp wai Yaya don Allah mene ne epiphany da Hausa, malaminsu ya ce su nemo inda ta faru a cikin wani gajeren labari, ita kuma ta duba ƙamus maimakon ta gane sai ta ƙara rikicewa. Na ce me ƙamus ɗin ya ce, ta ɗauki hoton shafin ta turo. Ma'ana ta farko wai wani biki ne na Kiristoci da ake yi ran 6 ga Janairu, ta biyu bayyanar abin bauta ga ɗan Adam, ta uku kuma ita ce wadda malamin yake nufi, ganewar nan da ke zo wa mutum farat ɗaya ba sallama. Ta ce to Yaya me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan biki da fahimta? A daren dai cewa na yi ta rubuta "ganewa ta farat ɗaya" ta je ta kwanta, amma ni tambayar ba ta bar ni ba, don ma'anonin nan uku a jere suke kamar kaka da uwa da jika, kuma in ka bi su a jeren za ka ga akwai abin da ya sauya hannu a hanya ba wanda ya lura.

Kalmar dai ba ta Turawan Ingila ba ce tun asali, aro suka yi kamar yadda suka saba. Girkanci ce, epiphaneia, gaɓa biyu aka haɗa: epi mai nufin "a kan" ko "zuwa ga", sai aikatau phainein, wato a nuna abu, a haska shi, a fito da shi fili. Haɗa su ka gani, fitowa fili a gaban wani kenan, abin da ɗazu ba ka gani yanzu ga shi tsaye a gabanka. Shi kansa phainein ɗin masana harshe sun bi sawunsa har zuwa wani tsohon tushe da suke rubutawa bha, mai nufin haskawa, wanda ya bar 'ya'ya tun daga Indiya, inda tsohon yarensu na Sanskrit ke da bhati, wato yana haskawa, har zuwa ƙarshen Turai. A Turanci kaɗai zuriyar nan ta cika gida, phantom fatalwa kenan, abin da ya bayyana alhali babu shi, fantasy abin da zuciya ta haska maka, phenomenon abin da ya faru ido ya gani. Larabawa ma sun ɗebi rabonsu, fanus ɗin nan da ake ratayawa a titunan Alƙahira da azumi daga phanos ne na Girkanci, fitila. Mu ma nan muna da ɗan gidan ba mu sani ba, don kalmarsu ta haske, phos, daga tushen nan take, ita ta haifi photo, mu kuma muka karɓa muka lanƙwasa shi yadda bakinmu ya fi so ya koma hoto. Kenan hoton da yarinyar nan ta turo mini da kalmar da take nema a cikin hoton 'yan kaka ɗaya ne.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yau in Bature ya ce epiphany zurfi yake nufi, wai ya hango can cikin al'amari, alhali a tsohon Girkanci ɗaya daga cikin ma'anoninta na yau da kullum shi ne saman abu, fatarsa, ɓangaren da ido ke fara sauka a kai. Yuklid, malamin lissafin nan da ya zauna Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a farkon littafinsa da yake jera ma'anar ɗigo da layi, da ya zo kan shimfiɗa sai ya ce epiphaneia ita ce abin da ke da tsawo da faɗi kawai, ba kauri. Har gobe a Girka in ana maganar saman tebur ko saman ruwa wannan kalmar ake faɗa.

Amma ma'anar da ta yi tafiya mai nisa ita ce ta addini. Girkawan da masu gumaka ne rututu, kuma sun yarda cewa abin bautarsu yakan fito ya nuna kansa, a mafarki ko a fagen yaƙi ko ta wani abin mamaki, musamman in tura ta kai bango. A garin Lindos da ke tsibirin Rodos akwai wani dutse da aka rubuta a shekara ta 99 kafin haihuwar Annabi Isa, an jera kyaututtukan da aka kai ɗakin bautar gunkiyarsu Atina, sannan aka ware gefe guda aka jera lokutan da wai ta bayyana. Ɗaya daga ciki Farisawa ne suka yi wa garin ƙawanya, ruwan sha ya kusa ƙarewa, mutane na shirin miƙa wuya, sai ta zo wa wani babban gari a barci ta ce su daure za ta roƙa musu ruwa, aka yi ruwan. Ko ka yarda ko kar ka yarda wannan ba shi ne damuwata ba, duba dai wa ke yin aikin a jimlar. Ita ce ta bayyana. Mutumin yana kwance yana minshari, bai yi tunani ba bai yi bincike ba, zuwa aka yi masa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Su kuwa sarakuna ka san ba sa ganin riga mai kyau su ƙyale. Bayan mutuwar Iskandar mai girma janar-janar ɗinsa suka raba daular, zuriyarsu suka riƙa liƙa wa kansu laƙabi, cikinsu har da Epiphanes, wato bayyananne, abin bautar da ya fito fili kowa na ganinsa. Wanda ya fi shahara da shi Antiyokus na huɗu ne, ya mulki Sham daga 175 zuwa 164 kafin haihuwar Annabi Isa, a jikin kuɗinsa ma an buga masa "abin bauta bayyananne", kuma garin Hama na Siriya da muke ji a labarai an taɓa sa masa suna Epiphaneia saboda shi. To amma talaka ko a ina yake ba a raba shi da habaici. Marubucin tarihi Polibiyus ya ce mutumin yana da wasu halaye, ya sulale daga fada ya shiga gari yana hira da maƙeran zinariya, ya je gidan wankan gama-gari ya cuɗanya da kowa, sai mutane suka ɗan taɓa laƙabin suka mai da shi Epimanes, mahaukaci. Shi ne kuma ya keta alfarmar ɗakin ibadar Yahudawa a Ƙudus a 167 har tawayen Makabiyawa ya tashi, kuma littafin Makabiyawa na biyu da ya ba da labarin sai ya riƙa amfani da ita wannan kalmar epiphaneia ga taimakon da Ubangiji ya kawo musu a kan sarkin, kamar dai ana ce masa ga bayyana ta gaskiya nan, taka ta bogi ce.

Akwai wani ma a Masar, Tolemi na biyar, shi ma Epiphanes, kuma dutsen Rashid ɗin nan da sojojin Faransa suka tsinta a 1799, wanda da shi aka buɗe rubutun Fir'aunoni, ba komai ba ne illa sanarwar girmama shi da limaman Masar suka fitar a 196 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan ratse ne, mu koma.

Da Kiristanci ya zo, da yake da Girkanci aka rubuta Sabon Alkawari, kalmar tana nan a hannu sai aka ɗauka. Sau shida ta fito, duk a wasiƙun da ake jingina wa Bulus, manzon Kiristoci, kuma biyar daga ciki maganar dawowar Almasihu a ƙarshen zamani suke, ɗaya ce kawai ke maganar zuwansa na farko. Abin lura, labarin da yau Turawan yamma suka fi haɗa bikin da shi, na masana taurarin nan da suka zo daga gabas da zinariya da lubban da mur, wanda ke Matiyu sura ta 2, kalmar ba ta ciki kwata-kwata, haka ma ba a ce su uku ne ba, ba a ce sarakuna ne ba, kyaututtukan ne uku mutane suka ƙirga musu. Bikin daga gabas ya taso, tun wajen shekara ta 200 malamin Kirista Kilimas na Iskandariya ya ambaci wata ƙungiya a Masar da ke raya daren tunawa da baftismar Isa a farkon Janairu. Zuwa 361 ya riga ya kafu har Faransa ta yau, don marubucin Rum Ammiyanus ya ba da labarin Juliyan, wanda ya zama sarkin Rum, ya bar Kiristanci a ɓoye amma ya shiga coci a garin Vienne ranar bikin da ake kira Epiphania don kar a gane shi. Ka ji fa, ranar bayyana ita mutum ya zaɓa ya ɓuya a cikinta.

A farko ranar 6 ga Janairu tarkace ta kwasa, haihuwa da baftisma da zuwan baƙin gabas duk a kanta. Da Rum ta tsayar da 25 ga Disamba a matsayin ranar haihuwa sai aka raba gado, yamma suka bar wa 6 ga Janairu masana taurari, gabas suka bar mata baftisma a Kogin Urdun suna kiranta Theophania, bayyanar Ubangiji a aƙidarsu, Armeniyawa kuwa suka ce su ba inda za su, har yau ran 6 ga Janairu suke bikin haihuwar. Masu bin tsohuwar kalanda tasu tana faɗowa 19 ga Janairu, shi ya sa za ka ga Rashawa na fasa ƙanƙara suna nutso a ranar, Habasha kuma suna Timkat, a fito da fararen kaya a kwana bakin ruwa a Gondar, Kibɗawan Masar suna Idil Giɗas suna cin gwaza da rake. Kiristocin Larabawa kuma suna ce masa Idiz Zuhur, to wannan kam ba baƙo ba ne a kunnenmu, tushe ɗaya ne da zahiri da kuma Azahar. A bakin talakan Italiya kuwa Epifania ta tauno ta tauno har ta koma Befana, aka ƙirƙiro wata tsohuwa mai hawa tsintsiya da wannan sunan tana raba wa yara alewa a daren 5 ga wata, mara ji a ba shi gawayi. Theophania ita ma ta zama sunan yanka na 'yan matan da aka haifa ranar, kamar dai yadda muke da Jummai da Azumi, shi ne ya lalace ya koma Tiffany.

Ta nan ta shiga Turanci, daga Girkanci zuwa Latin zuwa tsohon Faransanci, ta iso Ingila a farkon ƙarni na 14, kuma shekaru ɗaruruwa ba ta da wani aiki sai sunan rana a kalandar coci, da babban baƙi ake rubuta ta. Sai a ƙarni na 17 aka fara amfani da ita ga bayyanar wasu ababen bauta daban, a ƙarni na 19 kuma marubuta suka fara janyo ta waje. Emerson na Amurka ya rubuta a littafin ajiyar tunaninsa a 1838 cewa kwanaki na wucewa cike da ƙananan abubuwa da muke rainawa, sai wata rana hankali ya farka ya ga ashe kowane ɗayansu epiphany ne na Ubangiji. Ka ga har yanzu Ubangiji na cikin jimlar, amma an sauko da shi daga kan dutse da gajimare an kawo shi cikin tarkacen yau da kullum.

Wanda ya ƙarasa aikin James Joyce ne, ɗan Dublin ta ƙasar Ayilan, an haife shi 1882, limaman Katolika 'yan Jesuit ne suka karantar da shi, ya girma ya bar cocin amma bai bar mata kalmominta ba, ya tafi da su. Yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka ya riƙa rubuta wasu 'yan guntayen abubuwa, rabin shafi, wani ma layi biyar, hirar da ya tsinta a hanya ko mafarkin da ya yi, ya sa musu suna epiphanies. Arba'in ne suka rage har yau, suna jami'o'in Buffalo da Cornell a Amurka, lambobin da ke bayansu sun nuna sun kai 71. Ƙaninsa Stanislaus ya bayyana su da kyau, ya ce 'yan ƙananan suɓutar baki ne da motsin jiki waɗanda mutane ke tona asirin kansu da su, su fallasa daidai abin da suka fi ƙoƙarin ɓoyewa.

A wani littafi da ya fara bai gama ba, Stephen Hero, nan ya faɗi abin da yake nufi. Saurayin labarin na tafe a titin Eccles da yamma ana ɗan hazo, sai ya ga wata budurwa a kan matakalar ƙofar gida, wani saurayi ya jingina da ƙarfen shinge mai tsatsa, ya jiyo guntun hirarsu, ita tana jan murya wai ai coci ta je, shi yana ƙus-ƙus ba a jin me yake cewa, ita kuma ta ce kai amma fa kai mugu ne. Shi kenan fa. Zance ne irin wanda in ka bi layinmu bayan Isha'i za ka ji goma. Amma sai ya tsaya masa a rai har ya ce zai tara irinsu a littafi, ya kuma ce epiphany ita ce ruhin abu ya bayyana kwatsam, ko a cikin maganar banza ko a wani motsi ko a wani yanayi da zuciya ta shiga. Daga baya yana tafe da abokinsa ya nuna masa agogon da ke jikin ginin Ballast Office a tsakiyar gari ya ce wancan agogon ma zai iya, zan yi ta wuce shi kullum ina duba lokaci, ɗaya ne kawai daga cikin kayan titi, sai rana ɗaya in gan shi in san mene ne shi. Da abokin ya ɗaga kai ya ƙura wa agogon ido, sai ya ce masa ai bai bayyana ba tukunna.

To a nan nake so a tsaya. Joyce ya cire Ubangiji ya sa agogo, amma bai taɓa ginin jimlar ba, har yanzu abin ne ke bayyana, kai naka tsayuwa da kallo. Agogon ne bai yi ba tukunna, ba abokin ne ya kasa ba. Kuma shi kansa bai riƙe kalmar da ƙarfi ba, da ya sake rubuta littafin ya fito da shi a 1916 da wani sunan ya cire ta daga wannan bayanin, a littafinsa Ulysses kuma na 1922 har ba'a ya yi wa kansa, saurayin na tuna lokacin da yake rubuta epiphanies ɗinsa a korayen takardu yana wasiyyar in ya mutu a aika kwafinsu manyan ɗakunan karatu na duniya har da na Iskandariya. Ya rasu 1941, aka buga Stephen Hero a 1944, abin da ya jefar masu sharhi suka tsince. Daga nan ta shiga aji, kowane malamin adabi na tambayar ɗalibai ina epiphany ɗin jarumin labari, irin tambayar da aka yi wa ƙanwata bayan shekara tamanin, kuma ka lura tambayar da kanta ta riga ta juya abin, ya tashi daga kan agogo ya koma cikin kan jarumi. Daga aji ta fita titi, yau sai ka ji mutum ya ce I had an epiphany, wato na samu, nawa ne, kamar wanda ya sayi sabon takalmi, kuma in ka saurara wai ya gane ne ya kamata ya rage shan shayi da sukari uku. Daga baya ma masu binciken ƙwaƙwalwa suka bi ta har cikin ƙoƙon kai, a 2004 Mark Jung-Beeman da John Kounios da abokan aikinsu suka ba mutane wasan haɗa kalmomi suna auna su, suka ga in amsa ta zo farat ɗaya akwai wani tartsatsin aiki da ke tashi a gefen dama na ƙwaƙwalwa, wajen saman kunne, kamar sulusin daƙiƙa kafin mutum ya danna maɓalli. Abin da ya faro daga Atina a kan ganuwar Lindos ya zo ya ƙare a saman kunnen dama.

Mutane kan haɗa ta da eureka, ni kuma ina ganin ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Eureka aikatau ne, "na samo", kuma labarinta na masanin Girka Arkimidis ne da sarkin Sirakus ya ba shi kambin zinariya ya gano ko maƙeri ya yi algus, ya shiga kwamin wanka ya ga ruwa ya tumbatsa ya fito a guje tsirara, labarin da marubucin Rum Bitrubiyus ya rubuta bayan kusan shekara ɗari biyu da faruwarsa, don haka a ɗan rage gishiri. Ko ma dai yaya ne, mai eureka nema yake yi. Mai gyaran janaretonmu ne da ya wuni yana kwance kabureta yana hura fulogi, gumi har cikin ido, can wajen La'asar ya kai hannu ƙarƙashin tanki ya ji ashe makunnin mai a rufe yake, ya saki sifana ya ce kai amma an yi ɗan banzan abu. Wannan ya san abin da ya ɓata masa. Mai epiphany kuwa bai san yana neman komai ba.

Da Hausa fa? Wahayi dai a ajiye shi gefe, na Annabawa ne, kuma na ga masu fassara shi haka, kuskure ne babba. In tsohuwar ma'anar ake so ta bayyanar Ubangiji, malamanmu suna da tajalli, kalmar da ke cikin Suratul A'araf aya ta 143 inda Ubangiji ya yi tajalli ga dutse ya niƙe, Annabi Musa (AS) ya faɗi sumamme. Ilhama ta matso kusa amma ita jefa maka abu ake yi a zuciya wanda ba lalle ka taɓa ganinsa ba. Farga da ankara suna da saurin da ake so, sai dai suna ɗauke da ƙanshin makara, shi ya sa muke da fargar Jaji. Gano ta fi kama da eureka. Abin da ya burge ni shi ne maganarmu ta yau da kullum ba ta yarda ta ba mutum mallakar abin ba, cewa muke ya faɗo mini a rai, wasalin o ɗin nan na ƙarshe kuwa aikinsa kenan a Hausa, ya nuna abu daga can ya taho nan, kamar fita da fito, ko kai da kawo. Muna cewa Allah ya haska mini, muna cewa kansa ya waye da kalmar da gari ke wayewa da ita, kuma ba wanda ya taɓa wayar da gari da ƙoƙarinsa. Wato inda Turanci ya baro, mu muna nan.

Amma in don ni ne, kalmar da ta fi kowacce ba suna ba ce ma, 'yar ƙaramar nan ce, ashe. Duba aikinta, ba ka cewa ashe a kan sabon abu, sai a kan abin da tun can haka yake kai ne ba ka gani ba. Ashe kai ne. Ashe tun jiya ya dawo. Ba za ka iya rubuta ta a takardar jarrabawa a matsayin fassara ba, na sani, shi ya sa na bar yarinya da "ganewa ta farat ɗaya", amma washegari na kira ta na ce in tana neman wurin a cikin labarin ta nemi inda da jarumin Bahaushe ne zai ce ashe. Ta ce ta gane, sai na ba ta nawa.

Kawuna, wan mahaifiyarmu, yadi yake sayarwa a kasuwa, kuma tun ina firamare in wasiƙa ta zo masa daga ɗansa da ke Legas ko wata takardar hukuma, ni yake kira, zo nan ka karanta mini na baro tabarau a shago. In a shago ne kuma takardar ta same shi sai ya ce ya baro shi a gida. Ni har daɗi nake ji don akwai 'yan canji bayan karatun. Kuma wannan Kawun dai shi ne wanda kullum bayan Asuba yake zaune a zaure da Alƙur'ani bugun hannu yana tilawa, shi ne ke rubuta bashin abokan cinikinsa da ajami a wani ƙaramin littafi, rubutu sirara kamar sawun tururuwa, da hasken aci-balbal ma yana yi, ba tabarau. Duka biyun na sani, na gani da idona ya fi sau dubu, shekara ashirin da wani abu suna zaune a kaina kamar maƙwabtan da ba sa gaisawa. Ya rasu da shekara shida ina kan layi a wani banki, wani dattijo da farar hula ya taɓo ni ya miƙo fom ya ce ɗana taimaka ka cike mini, na manto tabarau a gida. Na karɓa ina cikewa, suna, unguwa, da muka zo lambar asusu sai ya laluba aljihu ya zaro wata 'yar takarda da ta sha ninki, an rubuta lambobin da alƙaluman Larabci ƙanana ƙwarai, ya riƙe ta nesa kaɗan ya karanto mini su goma tiryan-tiryan ko ƙifta ido bai yi ba. Biro na hannuna na tsaya. Layi ya matsa na bayana ya ce Malam a je mana.

Na ƙarasa cikewa na miƙa masa, ya ce Allah ya yi albarka, wannan idon namu sai a hankali. Na ce wallahi Baba sai a hankali, na nuna masa inda zai dangwala.